Baƙo da Mai Masauki: Sake Nazarin Shaihu Umar a Zamanin Gudun Hijira

1.0 Gabatarwa

Littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa yana cikin ƙagaggun labarai biyar da suka fito daga gasar da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya a 1933 a ƙarƙashin Rupert East, aka buga shi a 1934. Tun daga lokacin, manazarta sun fi karkata ga ɗaukar bauta a matsayin babban jigonsa, wasu kuma su ce haƙuri ne da yarda da ƙaddara. Ba mu musa ko ɗaya daga ciki ba. Sai dai duk wanda ya buɗe littafin a gari irin Potiskum bayan abin da ya auku a Jihar Yobe, zai ga wani jigo da ya daɗe a kwance ba a tashe shi ba, wato halin mutumin da aka raba da gidansa, da kuma halin wanda ya miƙa masa hannu. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa Ɓalewa ya fahimci agaji abu ne mai fuska biyu, amma bai kai wannan fahimta ƙarshenta ba, kuma a inda ya tsaya ne ya kamata marubutanmu na yau su ɗora.

2.0 Idon da Muke Karatu da Shi

Kafin mu shiga littafin, ya kyautu mu bayyana inda muke tsaye. A watan Mayu na 2013 aka sanya dokar ta-ɓaci a jihohin Borno da Yobe da Adamawa saboda rikicin Boko Haram. A watan Yuli na shekarar aka kashe ɗalibai a makarantar Mamudo da ke kusa da Potiskum, a Fabrairun 2014 aka kai hari Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Buni Yadi, sannan a ranar 10 ga Nuwamba, 2014 bam ya tashi a filin taron ɗaliban makarantar sakandaren kimiyya ta Potiskum. Da ƙananan hukumomin Gujba da Gulani suka fita daga hannun gwamnati a 2014, jama'arsu suka bazama zuwa Damaturu da Potiskum da sauran garuruwa. Ke nan Potiskum ta karɓi baƙi alhali ita kanta tana cikin makoki.

Waɗanda suka ƙetare iyaka kuwa sun ƙare a sansanoni irin su Minawao a Kamaru, wanda aka buɗe a 2013, da Sayam Forage a yankin Diffa na Jamhuriyar Nijar, da Dar es Salam a gaɓar Tafkin Chadi. Amma ƙididdigar Hukumar Ƙaura ta Duniya ta 2015 ta nuna cewa, daga cikin mutum fiye da miliyan biyu da suka rasa matsuguni a cikin Nijeriya, kimanin tara cikin goma ba a sansani suke ba, a cikin jama'a suka raɓa, wurin dangi da abokan arziki da ma waɗanda ba su taɓa sani ba. Mu riƙe wannan adadi, domin za mu dawo gare shi.

3.0 Hannaye Iri-iri a Shaihu Umar

Idan muka dubi zubin labarin, za mu ga kusan kowane babban tauraro a cikinsa korarre ne ko satacce. Makau, mijin mahaifiyar Umar, makircin fadawa ne ya raba shi da Kagara. Umar yana ƙaramin yaro aka sace shi, kura ta cinye wanda ya sace shi, aka tsince shi a daji. Mahaifiyarsa ta fita nemansa, aka mayar da ita baiwa, aka ƙetara Sahara da ita zuwa Murzuk, ba ta sake ganin ɗanta ba sai a Tarabulus, inda ta rasu jim kaɗan bayan haɗuwarsu. Da yake duk waɗannan mutane a hannun wasu suke rayuwa, labarin ya zama tamkar baje kolin hannayen da ake miƙa wa wanda ba shi da gata.

Hannu na farko shi ne na talakan da ya yi taimako ba da neman lada ba. Irinsa ne mutanen ƙauyen da suka tsinci yaro suka riƙe shi ba su san asalinsa ba, haka ma waɗanda suka karɓi Makau a Makarfi har ya sami wurin zama. Marubucin bai ɓata lokaci wajen yabon waɗannan mutane ba, ya dai nuna aikinsu ya wuce, kamar yadda al'ada take ɗaukar saukar baƙo a matsayin abin da ba a yi wa gori.

Hannu na biyu shi ne na mayaudari, wanda ya ga mace ita kaɗai tana neman ɗanta, ya yi mata alkawarin taimako, ya kuma sayar da ita. A nan ƙwarewar Ɓalewa ta fito fili, domin mahaifiyar Umar ba da takobi aka kama ta ba, da alheri aka kama ta. Buƙatarta ce ta zama igiyar da aka ɗaure ta da ita. Mai karatu na yau ba zai ɗauki wannan a matsayin tatsuniya ba, ganin cewa a watan Oktoba na 2016 ƙungiyar Human Rights Watch ta ba da rahoton mata da 'yan mata 43 da aka ci zarafinsu a sansanonin Maiduguri, wasunsu ta hanyar alkawarin aure ko na abin masarufi.

Hannu na uku shi ne ya fi wuyar sha'ani, wato na Abdulkarim, Balaraben da ya karɓi Umar a Kano, ya tafi da shi Ber Kufa, ya riƙe shi riƙon ɗa, ya sa shi karatu har ya zama malami. Babu mai musun alherin wannan mutum. Amma fataucin bayi ne ya kawo shi Kano, kuma harkar da ta ba shi ikon renon yaro ɗaya ita ce ta raba ɗimbin yara da iyayensu.

4.0 Inda Littafin Ya Tsaya

A nan ne muke da ja da marubucin. Ya kawo mu bakin tambaya mai nauyi, sa'an nan ya janye. Shaihu Umar, wanda shi ne mai ba da labarin ga almajiransa a Rauta, bai tsaya ya auna alherin Abdulkarim da sana'arsa ba. Muryarsa ta dattijon da ya riga ya yafe ce, kuma yarda da ƙaddara ta lulluɓe kowane rauni tun kafin mai karatu ya gama duba shi. Za a iya cewa wannan ya dace da halin tauraron, mu ma mun yarda malami irinsa ba zai yi ƙorafi ba. Sai dai yarda da ƙaddara ba ta taɓa hana a tambayi mai laifi ba, kuma marubuci yana da hanyoyin da zai sa mai karatu ya ga abin da tauraronsa ya kau da kai a kansa. Sakamakon haka, wanda ya rufe littafin yakan fita da tausayin mahaifiya da sha'awar Abdulkarim, ba tare da ya haɗa su a ma'auni ɗaya ba.

Wannan giɓi ba ƙarami ba ne a zamanin da agaji ya zama hukuma mai ofis da motoci da rajista. A 2017 fadar Muƙaddashin Shugaban Ƙasa, Yemi Osinbajo, ta bayyana cewa kusan rabin motocin abincin da ake turawa arewa maso gabas ba sa isa ga waɗanda aka yi niyya. A ranar 17 ga Janairu na shekarar kuma, jirgin sojan saman Nijeriya ya jefa bam bisa kuskure a sansanin Rann da ke kan iyakar Kamaru, ana tsakiyar shirin rabon abinci. Abin kuma bai tsaya ga ƙasarmu ba. A 1994, bayan sojan Miyanma sun kai farmaki sansanin Halokhani, dubban 'yan ƙabilar Mon sun tsallaka cikin Tailan, hukumomin can suka tare musu hanyar rumbun shinkafar agaji har yunwa ta tilasta musu komawa. Wanda yake riƙe da mudu yana riƙe da ƙafar mai gudun hijira, ya ce masa zauna ko tashi. Adabin da bai tuhumi wannan iko ba, bai gama aikinsa ba.

5.0 Abin da Ya Rage wa Marubutanmu

Ba za a ce marubutan Hausa sun yi shiru ba. A 2016, shekarar da Sashen Hausa na BBC ya fara gasar Hikayata ta mata zalla, labarin da ya zo na ɗaya, na Aisha Muhammad Sabitu, a kan sansanin 'yan gudun hijira aka gina shi. Wannan abin yabo ne. Fargabarmu ita ce kada sansani ya zama shi kaɗai ne dandalin da muka sani, saboda shi kyamara ta fi nunawa: tanti, da layin karɓar abinci, da yaro da kwano. Idan muka tuna da adadin da muka kawo a baya, za mu ga cewa mafi yawan labarin a cikin gidaje ya faru, a zaure da ɗakin girki.

A ganinmu, gidan mai masauki ya fi sansani wadatar abin rubutu. Mu ɗauki magidancin da yake dako a kasuwar shanu ta Potiskum, wanda ya wayi gari da iyalin ɗan'uwansa daga Buni Yadi. Hausawa sun ce baƙo raɓa ne, to yaya za a yi da raɓar da ta shekara uku ba ta bushe ba? Me uwargida za ta ji ranar da aka ba baƙuwarta katin abinci, aka ce ita ba ta cancanta ba, alhali tukunyarta ce ta ciyar da su tun farko? Yaya baƙon da yake da gona da garke jiya zai iya haɗa ido da mai ba shi tuwo yau? A irin wannan gida babu mugu, amma akwai kunya da gajiya da gorin da ba a furta ba, kuma a nan ne hannun farko na Shaihu Umar, wanda Ɓalewa ya taɓa ya wuce, yake jiran mai ba shi haƙƙinsa.

6.0 Kammalawa

Mun yi ƙoƙarin nuna cewa Shaihu Umar labarin korarru ne da masu karɓarsu, kuma ya rarrabe mai taimako don Allah da mai taimako don tarko da mai taimakon da hannunsa bai kuɓuta daga laifi ba. Rauninsa shi ne ya yi wa na ukun uzuri da wuri. Marubucin da zai rubuta gudun hijirar zamaninmu yana da bashin abu biyu a kansa: ya tambayi mai rabon agaji daga ina ikonsa ya fito, ya kuma shiga gidan talakan da ya buɗe ƙofarsa babu wanda ya rubuta sunansa a rajista.