Warwarar Waƙa a Zube: Darasi Daga Birnin Gwari

A 'yan shekarun nan, da an ambaci Birnin Gwari sai hankali ya tafi ga dajin Kamuku da 'yan bindiga da fargabar hanyar Kaduna. Ɗalibin adabin Hausa kuwa ya san garin ta wata fuska tun kafin wannan musiba, domin nan ake jingina Malam Muhammadu na Birnin Gwari, mawaƙin wa'azin da ake danganta wa Gangar Wa'azu. Masana sun saɓa kan zamaninsa. Wasu na sa shi a ƙarni na 18, shi kuwa Mervyn Hiskett, a littafinsa na 1975 kan tarihin rubutattun waƙoƙin Musulunci na Hausa, ya kawo shi tsakiyar ƙarni na 19. Waƙoƙin irin nasa sun sha warwara a hannu iri-iri, kuma yadda kowa ya warware su abin dubawa ne.

Warware waƙa da magana mai sauƙi tsohuwar al'ada ce a wurinmu. Duk wanda ya zauna a zauren malam ya ga yadda ake karatun Ishiriniya ta Alfazazi. Almajiri ya ja baiti da muryarsa, malam ya bi shi kalma-kalma da Hausa, ya tsaya inda magana ta yi zurfi ya yi bayani, sa'an nan a sake rera baitin. Tsarin ke nan: rerawa a farko, ma'ana a tsakiya, rerawa a ƙarshe. Almajiri yakan tashi da baitin a ka, ma'anar kuma a zuci.

'Ya'yan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo sun bi wata hanyar. Da Nana Asma'u ta so Hausawa su ji saƙon mahaifinta da ke cikin Fulatanci, sai ta mayar da Tabbat Haƙiƙa Hausa a waƙe. Haka ƙaninta Isa ya yi wa Ma'ama'are. Sun san masu sauraronsu. Macen da ke daka ko kaɗi ba ta da hannun riƙe takarda, amma tana iya rera baiti har ya zauna mata, 'yarta kuma ta ɗauka daga bakinta.

Hanya ta uku ta zo da Turawa. A 1896 Charles Henry Robinson, wanda ya ziyarci Kano, ya buga tarin waƙoƙin Hausa a Kambirij ta Ingila, kuma a cikinsu akwai na malamin Birnin Gwari. Ya kawo hoton rubutun ajami, ya juya shi zuwa boko, ya bi shi da fassarar Ingilishi a zube. Aikin ya yi rana, don ya adana matanin da da wuya ya tsira a takardun da gara da damina ke ci. Sai dai an yi shi ne domin Baturen da ke koyon harshe. Mai karatu a can ya samu labarin mutuwa da kabari da hisabi, bai kuwa ji muryar da ke sa jikin Bahaushe ya yi sanyi ba.

A nan matsalar take. Idan aka tace waƙar wa'azi, saƙonta bai wuce jimla uku ko huɗu ba: duniya mai ƙarewa ce, mutuwa na tafe, a tuba, a nemi ilmi. Yaron makarantar allo ma ya san wannan. Abin da mawaƙi ya ƙara shi ne hanyar da maganar za ta bi ta shiga mutum. Kari ne ke riƙe numfashin mai rerawa. Amsa-amo ne ke sa kunne ya jira ƙarshen baiti. Kalmar Larabci da aka ajiye a tsakiyar Hausa tana tuna wa mai ji aya ko hadisi. Maimaici, wanda mai taƙaitawa ke fara zubarwa, shi ne bugun da ke tada mai barci, kuma ba banza aka kira waƙar ganga ba. Wanda ya taɓa jin makaho na rera wa'azi a bakin kasuwa, mutane suna sassauta ciniki, ya san wannan aiki ya fi ƙarfin zube.

Duk da haka ba za a yi watsi da warwara ba. Hausar waɗannan malamai ta tsufa, Larabcinta ya yi wa ɗan boko nauyi, kuma wanda bai fahimci baiti ba ba zai daɗe yana son sa ba. Shi ya sa tsarin feɗe waƙa na Farfesa Abdulƙadir Ɗangambo, da ake koyarwa a makarantunmu, ya ba warwarar jigo gurbinta, tare da zubi da tsari da salo. Abin da ke damuna shi ne yadda ɗalibai da yawa ke tsayawa a wannan mataki. Sukan haddace taƙaitawar malami saboda jarrabawa, su ci, su fita ba su taɓa buɗe baki sun rera baiti ɗaya ba.

Warwara ta gari tana da ladubba. Ta bi waƙa baiti-baiti, kada ta tsallake inda ya yi wuya. Ta bar hoton da mawaƙi ya zana yadda yake, ta bayyana shi ba tare da ta musanya shi da nata ba. Ta raba abin da mawaƙi ya faɗa da ra'ayin mai sharhi. Sa'an nan ta mai da mai karatu ga waƙar, kamar yadda malamin zaure ke yi.

Yaran Birnin Gwari da suka tashi cikin ƙarar bindiga sun cancanci su san cewa sunan garinsu ya shiga littattafan duniya ta hanyar ilmi, shekara 100 da ɗoriya da suka wuce. A warware musu waƙar malaminsu da Hausar yau, su gane ta sarai. In sun gane, a sa su rera.