Gayyar Karatu a Wayoyin Ɗaliban Funtuwa da Malumfashi

Karatu daga nesa ya girmi intanet a wannan yanki. Tun bayan kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna a 1976, malaman firamare suke karɓar littattafai su karanta a gida, su haɗu da mai koyarwa ranar Asabar. Buɗaɗɗiyar Jami'ar Najeriya, wato NOUN, Shugaba Shehu Shagari ya kafa ta a 1983, sojoji suka dakatar da ita a 1984, sai a farkon shekarun 2000 Obasanjo ya farfaɗo da ita. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Kano ya shugabance ta daga 2016 zuwa 2021, kuma jami'ar tana da cibiyar karatu a garin Masari cikin ƙaramar hukumar Kafur, kusa da Malumfashi. Jami'ar Ahmadu Bello ma tana da nata sashen karatu daga nesa a Zariya. Masu shiga irin wannan karatu su ne waɗanda ba za su iya barin gida ba: malamin firamare mai neman digiri don ƙarin girma, ma'aikaciyar jinya, matar aure, ɗan kasuwar hatsi mai bin Dandume da Bakori.

A takarda, tsarin na mutum ɗaya ne da wayarsa. Ya yi rajista a shafin jami'a, ya sauke littafin kwas, ya amsa tambayoyin gwajin da ake kira TMA, ƙarshen zango ya je cibiya ya zauna jarrabawa. A zahiri kuwa, da wuya ka ga wanda ya gama ta haka. Ainihin ajin yana cikin guruf ɗin WhatsApp da ɗaliban suka buɗe da kansu, ba tare da jami'a ta umarce su ba.

Ga yadda abin yake tafiya. Mai data a wannan makon shi ne zai sauke littafin, sauran su karɓa ta Xender a shagon mai caji, inda dama kowa ke kai waya saboda rashin wuta. Littafin da Turanci yake, Turancin kuma ba mai sauƙi ba. Sai a raba babi-babi. Wanda babi na uku ya faɗo kansa zai karanta, bayan sallar isha'i ya ɗauki murya ya yi bayaninsa da Hausa, yana kawo misali da farashin buhun masara ko kuɗin taki idan darasin tattalin arziki ne. Da safe wani zai saurara a kan hanyar gona, wata kuma tana bakin murhu. In bayanin ya karkace, akwai wanda zai ce, "Malam, a duba shafi na gaba, ba haka marubucin yake nufi ba." A ganina wannan gyaran da ɗalibi ke yi wa ɗan'uwansa shi ne mafi daraja a cikin al'adar gaba ɗaya, domin a babban ɗakin lacca mai cike da ɗalibai ba kowa ke da ƙarfin halin ɗaga hannu ba.

Manomin wannan yanki ba baƙo ba ne ga irin wannan aiki, don gayya ce aka mayar cikin waya. Ƙa'idar gayya kuwa sananniya ce: yau gonata, gobe taka, wanda ya saba zuwa shan fura bai kama fartanya ba, wata rana ba za a kira shi ba. Guruf ɗin da ya riƙe wannan ƙa'ida yana fitar da masu ilimi. Wanda ya sake ta kan koma wurin raba amsoshi. Lokacin TMA sai a ga hotunan amsa suna yawo, wasu ma su miƙa wa mai shagon kwamfuta lambar sirrinsu da 'yan kuɗi ya yi musu gwajin. Maki ya fito da kyau, ranar jarrabawa a cibiya, inda babu waya babu abokin tambaya, asiri ya tonu. Ba na ɗora laifin duka a kan ɗalibai. Tambayar zaɓi ɗaya cikin huɗu da ake maimaitawa tana gayyatar kwafa; da aikin na buƙatar mutum ya auna abin da ya karanta da kasuwar garinsu ko makarantar da yake koyarwa, da amsar wani ba ta yi masa amfani ba.

Mata da yawa sukan ware nasu guruf, saboda ba kowane maigida ke son saƙon maza yana shigowa da dare ba, kuma hakan ya bar wasunsu cikin karatun da da sun daina.

Babban raunin karatun waya ya bayyana a watan Satumbar 2021, lokacin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina don yaƙi da 'yan bindiga, ciki har da Funtuwa, Malumfashi, Bakori, Faskari, Sabuwa da Dandume. Sai a Disamba aka fara dawo da su. Shafin jami'a bai tsaya jiran kowa ba, don haka mai son yin rajista ko gwaji sai ya hau mota zuwa garin da ke da sabis, a kan hanyoyin da su ma ba su da tsaro. Waɗanda suka riga suka ajiye littattafai da muryoyin bayani a waya, kuma suka san gidajen juna, su ne suka ci gaba da zama a zaure ko a ajin firamare bayan an tashi yara. Waɗanda sanin junansu bai wuce lambar waya ba, watannin nan sun tafi musu a banza.