Jinjina ga Masu Shagon Kwamfuta na Agadas

Tun da tawayen 2007 ya kori 'yan yawon buɗe ido, direbobin hamadar Tenere da 'yan jagora da yawa suka rasa abin yi. Masu shagon kwamfuta ne ke zama da su, ga zafi ga ɗaukewar wuta.

Mutum ya shigo yana cewa bai iya komai ba. Sai mai shago ya ce, "Malam, harsuna nawa kake ji?" Hausa, Tamajak, Faransanci. Nan take ya sa su a CV, ya gyara hoto, ya buɗe masa imel, ya nuna masa inda ake neman aikin fassara a intanet.

Ku masu shago, ladan da kuke karɓa bai kai wahalarku ba.