Hoton da rana ta cinye

Yau hoto ya yi araha a Dakoro. Da sai an je wurin mai hoto, yanzu kuwa kowane yaro da salula a aljihu. Ana ɗauka wurin suna, wurin aure, har a kasuwar dabbobi. Amma ɗauko hotunan ka duba da kyau. Da yawansu sama ta yi fari fat, fuskar mutum ta yi duhu, ga wani hazo da ɗige-ɗigen haske a tsakiya. An biya kuɗin wanki, amma ba ka bambanta amarya da ƙawarta. In hoton tsoho ne kuma ya rasu, hasarar ba ta da gyara.

Masu ɗauka sukan ce laifin salula ne. A ganina mai ɗauka ne bai duba inda rana take ba.

Ga yadda abin yake. Idon kamara gilasai ne ƙanana, an jera su ɗaya bayan ɗaya. In rana ta bugi idon kai tsaye, sai haske ya riƙa karo tsakanin gilasan, ya watsu, ya rufe hoton. Ƙurar hunturu da maiƙon yatsa a kan gilashin suna ƙara watsa shi. A 1935, a kamfanin Zeiss na Jamus, Alexander Smakula ya samo wani shafi da ake yi wa gilashi don rage wannan karo. Shafin yana ragewa, amma ba ya hanawa duka.

Mu kwatanta da aikin Seydou Keïta na Bamako, ƙasar Mali, wanda ya buɗe shagonsa a 1948. Yawancin hotunansa da hasken rana ya ɗauke su, a tsakar gidansa, da zane a bayan mutum. Duba su, za ka ga idanu sarai, ka ga zanen atamfa ɗaya ɗaya. Yau ana nuna su a Faransa da Amurka. Kamararsa tsohuwar yayi ce, amma ya san inda zai zaunar da mutum.

To, me za ka yi?

Na farko, sa rana a bayanka ko a gefenka.

Na biyu, tsakar rana ba lokacin hoto ba ne. Jira safiya ko la'asar, ko ka kai mutum inuwar bedi, kai ma ka shiga inuwar.

Na uku, hura ƙura daga gilashin, sannan ka goge da tsumma mai laushi. In ka goge da rairayi a kai, ya karce.

Na huɗu, in dole ne ka fuskanci rana, yi wa idon rumfa da hannu ko malafa, amma kada su shiga hoton. Hausawa sun ce in rana ta fito tafin hannu ba ya kare ta. Gaskiya ne, amma idon salula bai fi ƙwayar wake ba, tafin hannu ya ishe shi.

Kai kuma da ake ɗauka, duba hoton kafin ka biya. In ba ka ga idanunka ba, ce a sake.