Manhajar gayya ba ta da suna a bakin Bahaushe

A kasuwar Abakpa Nike da ke Inugu, kamar sauran wuraren da 'yan Arewa ke neman abinci a Kudu, ba a rasa saurayi mai kwamfuta da ke tura wa jama'a fina-finan Kannywood a waya. Sau da yawa da VLC yake buɗe fim ɗin, manhajar da wasu ɗaliban injiniya a Faris suka soma, aka sakar wa kowa ita a 2001. Wayar Android da yake tura fim a cikinta ma a kan manhajar Linux aka gina ta. Yana cin moriyar aikin dubban masu sa kai, amma bai san shi ma yana da damar sa hannu a ciki ba. A ganina laifin na masu harkar irin waɗannan manhajoji ne, domin sun iya ƙera kaya amma sun raina talla.

Matsalar daga suna ta faro. Da zarar an ce wa ɗan kasuwa "manhajar kyauta", ya sa mata ido na zargi, tunda ya taso yana jin araha ba ta ado. Alhali muna da kalmar da ta dace da abin sarai, wato gayya: kowa ya kawo fartanyarsa, a gama gonar tare. Wanda ya ji "manhajar gayya" ya san ana jiran gudunmawarsa. Ƙungiyar Open Source Community Africa, wadda Samson Goddy da Ada Nduka Oyom suka kafa a 2018, ta tara matasa a bikinta na Legas a 2020, kuma ta cancanci yabo. Sai dai da Turanci take kiran mutane, mai tura fim kuwa da Hausa yake ciniki.

Wasu za su ce kaya mai kyau shi ke sayar da kansa, talla kuma aikin kamfanoni ne masu neman riba. Tarihin harkar bai goyi bayansu ba. A 2010 da yawa daga cikin masu aikin manhajar OpenOffice suka ware suka kafa LibreOffice, ƙwarewa ta bi su, amma shekaru da dama mutane na ci gaba da neman tsohon sunan, saboda shi suka sani. Manhajar Firefox kuwa sau biyu ta sauya suna kafin ta zauna, kuma a Disambar 2004 masoyanta suka yi karo-karo suka sayi shafi biyu na talla a jaridar New York Times. Ba wanda ya ce sun sayar da aƙidarsu.

Don haka ina kira ga matasanmu masu rubuta manhaja a Kano, Zariya da Inugu: ku tsayar da suna ɗaya na Hausa, ku fassara fuskar manhajojin, ku je rumfunan masu tura fim ku yi musu bayani baki da baki.