Ɗanɗano a Bakin Lambu

Duk wanda ya taɓa ratsa lambunan da ke shan ruwan dam ɗin Kazaure da rani ya san ba a barin baƙo ya wuce haka nan. Kana cewa "sannu da aiki", mai lambu zai ce "bismilla", ya fasa kankana ko ya sare maka rake, ba tare da ya tambaya ko saye ka zo yi ba. Haka abin yake har Roni da Gwiwa. Karamci ne, amma akwai dabarar ciniki a ciki: dillalin da ya sa a baki ya ji zaƙi ba sai an rantse masa ba.

A ƙasar Fotugal an mayar da irin wannan al'ada sana'a. Tun 1756 hukuma ta shata iyakar gonakin inabi na kwarin kogin Douro, domin kada wani ya ari sunan abin da ake yi a can, a 2001 kuma UNESCO ta sa yankin cikin wuraren tarihi na duniya. Baƙi na biyan kuɗi su zaga gonakin da aka sassaƙa hawa-hawa a jikin tsaunuka, su shiga rumbunan ganguna na Vila Nova de Gaia, tsallaken kogi daga birnin Porto, a zuba musu su kurɓa. Giya ce, haramun ce a gare mu, ba kuma ita nake sha'awa ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne baƙon yana komawa gida da sunan gonar a bakinsa.

Mu fa? Zoɓon da ake nomawa a wajajen Babura da sauran arewacin Jigawa ana ɗura shi a buhu, ya bi ta hannun 'yan kasuwa har Meziko, inda ake jiƙa shi a sha kamar yadda muke yi. Buhun ya tafi, sunan ƙauyen ya tsaya a gida. Matar da ta yini tana ɓare shi, hannunta ya yi jawur, ba wanda ya san da ita. A ganina wannan asarar ta fi ta farashi ciwo, domin ita ce ke hana manomi faɗa a ji ranar ciniki.

Sai dai ina da fargaba in muka kwaikwayi Fotugal. Ranar da aka kafa tebur a ƙofar lambu ana yankar tikiti kafin a ce "bismilla", an kashe abin da ya sa ziyarar ke da daɗi. Ɗanɗanon farko ya zauna kyauta yadda muka gada. Abin da baƙo zai ɗauka ya kai gida, wannan a ƙulle shi da kyau, a rubuta sunan gona da gari, a sayar.

Domin yara su san wannan al'ada, ina roƙon malaman makarantun Kazaure su fara kai ɗalibai lambu kafin ranin bana ya wuce.