Cinikin Biri a Sama: Yadda Muke Zaɓen Ɗan Ƙwallo a Tudun Wada

Duk ranar da aka ce ejan zai zo, kafin hantsi fili ya cika. A nan Zariya, yara daga Tudun Wada da Tudun Jukun da Gyallesu, har da waɗanda suka fito daga cikin birni ta Ƙofar Doka, kowa da but ɗinsa a leda, wasu ma na aro ne. A sayi fom, a raba su sha ɗaya-sha ɗaya, a ba kowane rukuni kamar minti ashirin. Wannan shi ne sikirinin. A cikin wannan ɗan taƙin ake yanke wa yaro hukuncin shekarun da ya yi yana cin ƙura.

Na tsaya a gefen irin wannan fili wata Asabar, kusa da wani dattijon koci da ya raini rabin yaran da ke ciki. Akwai wani siririn yaro mai buga lamba shida. Bai yi yanka ko ɗaya ba. Amma sau uku ina ganinsa yana barin wurinsa ya toshe gurbin da mai tsaron baya ya bari, kuma kafin ƙwallo ta iso ƙafarsa ya riga ya waiwaya ya san inda zai aika ta. Da aka tashi, ejan ya kira wani ɗan gaba da ya yanke mutum biyu ya buga ta saman raga. Na ce, "Baba Koci, ba su ga lamba shidan nan ba?" Ya ce, "Ɗana, wanda ya zo kallon ƙwallo ƙwallo yake bi da ido. Wancan yaron aikinsa yana inda ƙwallon ba ta."

Maganar nan ce ta kai ni ga nazarin wata al'ada ta nesa, wato yadda Amurkawa ke tantance ɗalibin jami'a kafin su ɗauke shi gasar NFL, babbar gasar zari-rugarsu. Ƙungiyoyi 32 ne, suna zaɓe a zagaye bakwai kowace shekara, kuma wadda ta fi shan kashi a kakar da ta wuce ita ke fara ɗauka. Ba a shiga zaɓen sai an yi shekara uku da gama sakandare. A cikin gurabun wasan akwai wanda ya fi wahalar tantancewa, wanda za mu iya kira ɗan bakin sahu, domin a ƙarshen sahun ƙartin gaba yake tsayawa. Aikinsa biyu ne masu karo da juna. Wani lokaci ya zama katanga, ya tare ƙaton da ya fi shi nauyi don abokinsa ya sami hanya. Wani lokaci kuma ya zare da gudu ya cafe ƙwallon da aka jefo masa ta sama. Cafkar ce ake yi wa tafi, ita ake nunawa a talabijin. Tarewar kuwa sai mai lura. Mai tantancewa na gaskiya kan zauna da faifan wasa guda yana maimaita shi, yana duba inda yaron ya dasa ƙafa, da inda ya ɗora hannu a ƙirjin abokin karawa, da ko yana ci gaba da turawa a wasan da ya san ba shi za a jefa wa ba. Ashe lamba shidanmu yana da ɗan'uwa a can.

Suna da nasu sikirinin ɗin a birnin Indiyanafolis, inda ake auna tsawo da nauyi da faɗin tafin hannu, a sa yaro gudun yadi 40, a ƙirga sau nawa zai ɗaga ƙarfe mai nauyin kilo 102. Da yawa cikinmu in sun ji wannan sai su ce ai shi ne sirrin, mu ma a kawo mana awo. Ni ban yarda ba. Ɗan bakin sahu George Kittle ya gama jami'ar Iowa da cafka 48 kacal, domin tarewa aka fi sa shi, sai a zagaye na biyar San Francisco ta ɗauke shi a 2017. A 2018 ya kafa tarihin yadi 1,377 a gurbinsa. Antonio Gates kuwa ƙwallon kwando ya buga a jami'ar Kent State, babu wanda ya zaɓe shi a 2003, San Diego ce ta gwada shi daga baya, ya yi ritaya da ci 116, adadin da babu wani mai gurbinsa da ya kai. Su ma da ma'auninsu suna kuskure, kuma kuskure babba.

Abin da suka fi mu shi ne ajiya. Kafin ranar awon nan, an riga an tara wasannin yaro na shekara uku ko huɗu a faifai, cikakku, har da ranakun da ya yi abin kunya. An san ranar haihuwarsa. An san raunin da ya taɓa ji da likitan da ya duba shi. An tambayi kocinsa na sakandare ko yana zuwa atisaye a kan lokaci. Ranar awo tabbatarwa ce kawai. Mu kuwa ranar awon ita ce farko, ita ce ƙarshe.

Kuma ba ido muka rasa ba. Masai Ujiri a Zariya ya tashi, a nan ya fara ƙwallon kwando, kuma wani koci Ba'amurke da ya daɗe a garin, Oliver Johnson, yana cikin waɗanda suka raine shi. Da farautar 'yan wasa ya shiga NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, a 2002, yana yi wa Orlando aiki ba albashi, har ya zama shugaban Toronto Raptors da ta ci kofi a 2019. Idon da ya hango gwanaye a nahiyoyi uku, a filayen garin nan aka fara wasa shi. Irin dattijon da na tsaya kusa da shi ma ya san kowane yaro ciki da waje: wanda ke sanyi in an ci su, wanda ke buga wasa da azumi bai rage gudu ba, wanda ba ya jin magana. Sai dai duk wannan ilimi a kansa yake. Ejan ba ya tambayarsa, in ma ya tambaya babu takardar da zai nuna. Ranar da ya kwanta dama, ya tafi da shi.

Rashin ajiyar nan shi ya haifi abin da muke kira shekarun ƙwallo. Idan minti ashirin ne mizani, ɗan shekara ashirin da uku zai danne ɗan sha shida ko da yaushe, don haka kowa ya koma ɗan sha shida. Nijeriya ta ci kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 17 sau biyar, a 1985 da 1993 da 2007 da 2013 da 2015, muna alfahari da su. Amma tun 2009, shekarar da aka yi gasar a ƙasar nan har Kaduna da Kano suka karɓi wasanni, FIFA ta shigo da hoton ƙashin wuyan hannu don gane wanda ya gama girma. A 2016 'yan wasa 26 na tawagarmu suka faɗi wannan gwaji, Nijar ta fitar da mu a wasannin share fage. Wanda aka fi zalunta a nan shi ne yaron da shekarunsa na gaskiya ne, wanda aka ce masa bai yi ƙwari ba ya je ya dawo, alhali lokacinsa ke nan.

Dubi waɗanda suka yi nisa daga Arewa, za ka ga yawancinsu wani wuri ya riƙe su har aka gan su da kyau. Ahmed Musa ya buga kaka guda cur a Kano Pillars ya ci ƙwallo 18 kafin VVV-Venlo ta Holan ta ɗauke shi a 2010, kuma sai da ya jira ya cika sha takwas, kamar yadda dokar FIFA ta tanada. Shehu Abdullahi na Sakkwato, wanda ke buga baya ya buga tsakiya, shi ma ta Pillars ya bi kafin tagullar gasar Olamfik ta Rio a 2016. Irinsa, da irin Garba Lawal na Kaduna da ake sakawa duk inda aka sami giɓi, ba a gane su a yini ɗaya. Ba a sanin maci tuwo sai miya ta ƙare, su kuma sai an kai minti na tamanin, an ci su ɗaya, sannan ake ganin amfaninsu.

Abin da ke ci mini rai shi ne Zariya garin makarantu ne. Ga Barewa, ga Alhudahuda, ga harabar Kongo ta Jami'ar Ahmadu Bello a nan bakin Tudun Wada. Makaranta tana da rajista, rajista tana da ranar haihuwa. Gasar makarantu mai ɗorewa, wadda ake rubuta sunan wanda ya buga da mintin da ya yi, ita ce tushen duk abin da Amurkawa suka gina. Muna da NUGA, gasar wasannin jami'o'i, amma ɗan ƙwallon da ke son zama ƙwararre a nan yakan ɗauka dole ya zaɓa tsakanin aji da fili, kuma ejan ba ya leƙa wasan ɗalibai.

Yanzu kusan kowane benci akwai waya mai kyamara. Sai dai abin da ake ɗauka yanka ne da ci, a haɗa minti biyu a sa kiɗa a tura WhatsApp. Na roƙi wani matashi mai taimaka wa Baba Koci ya hau katanga ya ɗauki wasa guda daga busar farko zuwa ta ƙarshe, kada ya bi ƙwallo, ya bar fili duka ya fito. Mun zauna da daddare a shagon cajin waya muka kalla. Sau goma sha ɗaya lamba shidan ya ƙwace ƙwallo ko ya tare hanyarta. Baba Koci ya sa aka sayo littafi mai shafi arba'in, ya rubuta sunan yaron a shafin farko da kwanan wata, ya aika a tambayo mahaifiyarsa katin asibitin da aka haife shi.